Daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04: na gwada ɗagawa, na gwada fomatin

Kwamfutoci biyu gare ni, dukansu a kan tsarin Linux na Ubuntu 22.04 suke tun 2022: ta cinya da nake yawo da ita, da ta tebur da ke shago, wadda muke buga takardu da ita. Da Ubuntu 24.04 ya fito a Afrilun 2024 ban yi gaggawa ba, domin kamfanin Canonical mai Ubuntu ba ya buɗe wa masu tsohon LTS (fitowar da ake daɗe ana tallafa mata) ƙofar ɗagawa zuwa sabo sai fitowar gyara ta farko, wato 24.04.1, wadda ta zo ƙarshen Agustan shekarar. Ga shi kuma 22.04 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2027. Da na shirya, sai na bi hanya daban a kowace, don in gani da idona.

Ta cinyar na ɗaga da umarnin do-release-upgrade. Gaskiya abin ya burge ni. Na bar ta bayan sallar Isha'i, ta sauko da kayanta, ta yi mini 'yan tambayoyi kan fayilolin saiti da na taɓa canzawa, ta sake tashi. Hotuna, takardu, kalmomin sirrin wayafai, har allon rubutu na Hausa da nake samun ɗ da ƙ da ɓ a kai, komai na nan yadda na bar shi. GNOME 46, wato fuskar tsarin, ya maye gurbin 42, manhajar imel ta Thunderbird ta koma kunshin snap (wani salon girka manhaja na Canonical), amma wasiƙuna ba su yi ko gezau ba. Dalili biyu ne: ban taɓa cusa wa wannan na'ura manhajojin waje ba, kuma tana da batir.

Batirin nan shi ne maganar. Ɗagawa mataki biyu ce, saukowa sannan girkawa. Idan aka ɗauke wuta ana saukowa, ba komai, sai a ci gaba. Idan kuwa aka ɗauke ana tsakiyar girkawa, rabin tsarin sabo rabi tsoho, to kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Ta shago ba ta da batir, kuma a unguwarmu ba wanda zai rantse maka wuta za ta kai awa biyu. Ban da haka, shekara biyu ina ƙara mata ma'ajiyoyin PPA, wato rumbunan manhajojin waje, na direban firinta da na wasu manhajojin zane. Mai ɗagawa yana kashe irin waɗannan ma'ajiyoyi kafin ya fara, sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga baya, wasu ma ba a yi musu na sabon tsari ba tukuna.

Saboda haka ita fomatin na yi mata. Na sauko da fayil ɗin ISO, wanda ake girka tsarin da shi, kusan gigabait 6, da datar dare mai rahusa, na zuba shi a filashi da Ventoy, manhajar da ke sa kwamfuta ta tashi daga filashi. Na kwafe jakar home, inda kayan mai amfani suke, zuwa faifan waje, har da ɓoyayyun fayilolin da sunansu ke farawa da ɗigo, inda saitin Firefox da sauransu suke. Girkawar kanta ba ta kai rabin awa ba a kan janareta. Wahalar tana bayanta: yini guda na yi ina maido da firinta, da haruffan da muke buga katin biki da su, da allon Hausa. Amma ta fi tashi da sauri yanzu, tarkacen shekara biyu ya tafi. Wannan karon na ware wa home ɓangarensa daban a faifai, don gaba idan zan sake ɗora sabo ba sai na taɓa kayan mutane ba.

Filashin nan kuma ya biya kuɗin datarsa, don maƙwabcina mai gyaran waya da ƙanena duk da shi suka ɗora nasu. Da ɗagawa ce, da kowannensu sai ya sayi tasa datar. Idan Allah Ya kai mu LTS na gaba, ta cinyar zan sake ɗaga ta, ta shago kuwa filashi zan nemo.