Hatimi na je nema, na dawo da takardar tabarau

Gaskiya ban je asibitin nan don a duba ɗiyata ba, hatimi na je nema. Makarantar nazaren da za mu sa ta a watan Satumba ta haɗo mana da wata takarda wadda sai likita ya cika: nauyi, tsayi, rigakafi, jinotayif (gwajin jini na gano sikila), gani da ji. Maƙwabciyata ta ce kada in wahalar da kaina, akwai inda za a buga mini hatimin ko ba a ga yarinyar ba. Babansu ne ya ƙi. Ranar wata Talata muka shiga kurkura zuwa wani asibitin kuɗi a wajejen Ƙofar Ƙaura, irin gidajen nan da aka mayar asibiti, falo ya koma wurin jira. Kuɗin kati ba sai na faɗa ba, kowa ya san yadda abin ya koma.

Wata nas dattijuwa ce ta karɓe mu, tabaranta rataye a wuya da igiya. Ta buɗe katin rigakafin da na ɗauko daga ƙasan akwati, tana bin sa da yatsa tun daga BCG ta ranar haihuwa, Penta ta sati 6 da 10 da 14, har zuwa ƙyanda da shawara na wata 9. Nan ta tsaya. "Hajiya, ina ta biyun ƙyanda, ta wata 15?" Wallahi ni a zatona daga wata tara an gama. Ta ce in kai ta asibitin gwamnati na unguwarmu, kyauta ake yi, kada in ɓata kuɗina. Asibitin kuɗi ya tura ka inda ba a biya? Tun daga nan na gyara zama.

Sai gwajin ido. Allo ne a bango mai harafin E kaɗai, wani ya kalli sama, wani ƙasa, wani gefe, suna ƙara ƙanƙanta. Da yake yarinyar shekararta 4, ba ta san haruffa ba, sai sistar ta ce mata tebur ne mai ƙafa uku, ta nuna da hannu inda ƙafafun suka kalla. Aka rufe mata idon hagu da guntun kwali, ta bi layukan tana dariya har kusan ƙasa. Aka mayar da kwalin idon dama. Layin farko ta yi daidai, na biyu ta fara karkata kai, tana zame kwalin tana leƙe. Daga nan ta ce ita ta gaji, ta ɓare baki. Na daka mata tsawa, na ce ta bar shashanci a gaban mutane. Sistar ta dafa hannuna ta ce, "Ƙyale ta Hajiya, ba wasa take yi ba. Ba ta ganinsa ne."

Gabana ya faɗi. Shekara huɗu ina yi wa yarinyar nan wanka, ina sa mata kwalli da hannuna, ban sani ba. Idon garau yake, ba ja, ba kwantsa, ba harara-garke. Sai a lokacin na tuna yadda take karkata kai in tana kallon talabijin, Inna kuma kullum ta ce gado ne, haka babanta ya yi. Sistar ta zaunar da ni ta yi mini bayani a tsanake: in ido ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ƙwaƙwalwar yaro sai ta dogara da mai kyan ta yi watsi da ɗayan, yaron kuma ba zai taɓa yin ƙorafi ba, don yana zaton haka kowa ke gani. Ta ce gyaran ya fi sauƙi kafin shekara 7, in aka bari ya wuce nan sai ya yi wuya. Ta rubuta mana takarda zuwa ga likitan ido. Da a ce daga ɗakinta muka wuce gida, da yanzu yabo kawai za ku karanta.

Amma akwai ɗakin ɗaukar jini. Awa biyu cur muna zaune, an ɗauke wuta, an ce mai tada janareta ya fita. Da aka kira mu, wani matashi ne waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana hirar ƙwallo yana neman jijiya. Sau uku ya soka wa yarinya allura. Da na yi magana, cewa ya yi ai ni ce ban riƙe ta da kyau ba. Aka ce in dawo gobe. Na dawo, ba a gama ba. Na sake dawowa ranar Alhamis, kuɗin kurkura zuwa da dawowa, aka miƙo mini takarda an rubuta AA, amma da sunan wani namiji ɗan shekara 34. Na nuna masa, sai kawai ya zaro biro zai soke sunan ya rubuta na ɗiyata a sama! Na ce Malam, ni AS ce, babanta AA ne, yarinyar nan tana iya zama ko wanne, kuma wata rana da wannan takardar za a yi maganar aurenta. Sikila abin gyarawa da biro ce? Ya ce to sai dai a sake ɗiba, a kuma sake biya. Na tattara ɗiyata, washegari muka yi a wani wurin. AS ta fito.

Shi kuwa likitan, minti biyar bai cika ba. Ya ɗora mata abin awon ƙirji, ya ja fatar ido ya leƙa, ya bi akwatunan takardar yana yi musu maki. Wurin ji ma ya rubuta lafiya lau, alhali ko kunnen bai haska ba, ga fitilar a ajiye kan teburinsa. To da me hatiminsa ya fi wanda maƙwabciyata ta ce a buga mini? Raina ya sake ɓaci yanzu da nake rubutawa.

Don haka ban san abin da zan ce muku ba. Duk wadda ta tambaye ni, cewa nake ta je da sassafe, ta nemi dattijuwar nan mai tabarau, ta tabbata an rufe ido ɗaya bayan ɗaya, jini kuwa ta kai wani wurin. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, har ƙosai na aika mata.

A wurin likitan ido an ɗiga wa yarinyar magani, aka auna, aka rubuta tabarau, aka ce a riƙa liƙe mata ido mai kyan awa biyu kullum don ragon ya koyi aiki. Satin farko daga aka sha, yanzu da alewa muke shiryawa. Ranar da na kai takardar makaranta, malamar hatimin kawai ta duba ta jefa a fayil. Sai da na riƙe ta da baki na ce don Allah a zaunar mini da ita a layin gaba.