Wace makirfo za ka saya don ɗaukar waƙarka a ɗaki?

Mai kallon bidiyon waƙarka zai iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da ya ji murya tana amsa kuwwa ga ƙarar fanka a baya, zai wuce. Don haka kuɗin da ka tara, makirfo ya kamata su fara tafiya kafin fitila ko sabuwar waya.

Ƙananan na maƙalawa a riga marasa waya, irin su K9, don hira aka yi su. Tsarin rage hayaniyar da ke cikinsu yakan ɗauki gurmi ko piyano a matsayin hayaniya, ya daddatse sautin. BM-800 kuwa kyan gani ce kawai. Audio-Technica AT2020 tana da murya mai tsabta, sai dai kondensa ce, wato irin makirfo mai saurin jin sauti: tana buƙatar wutar 48V, kuma komai take kwasa, har janaretan maƙwabci da kukan akuya.

Wadda ta dace da ɗakunanmu masu tayil da bangon siminti ita ce Shure SM58. Tun 1966 ake yin ta, ba ta buƙatar 48V, tana ɗaukar abin da ke gabanta ta yi watsi da yawancin na bayanta, kuma tana jure faɗuwa da ƙura. Haɗa ta da ƙaramin sawun-kad, wato na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, kamar Behringer UMC22, ko Focusrite Scarlett Solo in aljihu ya kai. Dukansu daga USB suke shan wuta, ɗauke wuta ba zai tsayar da kai ba muddin kwamfutarka na da caji. Bar tazarar yatsu 3 zuwa 4 tsakanin SM58 ɗin da baki, ka ɗan karkatar da ita gefe don iskar "f" da "b" kada ta buge ta. Saita ƙarfin shigar sauti a sawun-kad yadda inda ka fi ɗaga murya ba zai wuce -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti ba, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Ɗauki sauti a saitin 48kHz, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da shi za ka daidaita baki da murya a manhajar tace bidiyo ta CapCut. Rera baiti ɗaya sau 3, kana sauya tazara da kusurwar ɗaki, ka rataya bargo a bayanka, sannan ka saurara da hedifon ka zaɓa.

Babbar matsalar SM58 ita ce jabu. Sun cika kasuwa, daga Legas har Kano, kwali da jaka da takardu duk an kwaikwaya. Ta gaske tana da nauyi a hannu, wajen giram 300; in ka ji ta sakayau, ajiye ta. Sa a jona ta a sifika a gabanka, ka murza hannunka a jikinta: ta gaske tana da matashi a ciki mai shanye motsin hannu, ta jabu kuwa za ka ji gurr-gurr. Juya ta ka yi magana ta bayanta, muryar ta ragu sosai. In ba ta ragu ba, ba ita ba ce. Kada ka yarda da "ai ta kwantena ce shi ya sa take da araha", kuma kada ka tura kuɗi kan hoton da aka turo maka a WhatsApp. Nemi rasit da sharaɗin dawowa. Wayar XLR ma, wadda ke haɗa makirfo da sawun-kad, gwada ta nan take, ka lanƙwasa ta kusa da kai biyun, domin masu arha a nan suke tsinkewa su riƙa kawo tsaki cikin waƙa.