Bayogas ko ɓuntun shinkafa, wanne zai ba ƙauye wuta?

Ɗan uwa da ka tambaya wanne ya fi dacewa da ƙauyen da layin lantarki bai kai ba, bayogas na kashin shanu ko injin nan gasifaya mai turara ɓuntun shinkafa, to gaskiya aikinsu ba ɗaya ba ne ko da yake duka gas suke bayarwa.

Shi bayogas rami ake ginawa a rufe ruf, kullum a dama ɗanyen kashi da ruwa daidai wa daida a zuba, yana ruɓewa gas na taruwa a sama. Amma ka duba lissafin, kilo 25 na kashi ne ke ba da gas wajen kubik mita 1, kashin shanu biyu zuwa uku ke nan a yini, kuma in ka tura gas ɗin janareto da ƙyar ka samu yunit 2 na wuta. Shi ya sa a Nepal da suka fara shirinsu a 1992, da Sin mai ramuka miliyoyi, girki aka fi yi da shi. Kuma wallahi ba ƙaramin abu ba ne, mace ta huta da yawon itace da hayaƙin da ke cin ido da ƙirji, ga taki mai kyau na fita ta bayan ramin. Sai dai dole shanun su riƙa kwana a turke, dole a samu ruwa ko da rani, sannan gas ɗin na ɗauke da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cinye ƙarfen inji in ba a tace ba.

Gasifaya kuwa dama ya dace da wutar gari. Ɓuntu ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, tuli guda yake a bayan injin casa, ana turara shi da iska kaɗan ya fitar da gas ya juya janareto. Kamfanin Husk Power Systems da aka kafa a 2008 ya yi haka a jihar Bihar ta Indiya, inji mai kilowat 30 da ɗoriya yana haska gidaje ɗaruruwa da dare. Matsalarsa kwalta, gas ɗin na zuwa da baƙin danƙo mai toshe bututu da bawul, in babu ƙwararre mai wanke matatar gas ɗin a kai a kai injin zai kwanta, kuma da zarar masu casa sun ga ɓuntu ya yi daraja sai su sa masa kuɗi.

Ni dai in maganar rage talauci ake, gasifaya zan zaɓa wa gari, da sharaɗin a kunna da rana ma saboda mai niƙa da mai walda da mai firij, don kuɗin ƙwan fitila kaɗai ba ya biyan albashi da gyara. Bayogas a bar shi a gidaje. Ka faɗa mana ko akwai injin casa kusa da ƙauyen, da kuma shanu nawa ke kwana a gida.