QGIS a aikinmu na gawo da rijiyoyi: abin da na gani bayan wata shida

Mu uku aka haɗa a bincike ɗaya a jami'a nan Maradi: ni daga sashen labarin ƙasa, wata daga aikin gona, da wani mai nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tambayar ita ce ko gonakin da aka bar itatuwa suka tsiro a yankin Agiye suna da wata alaƙa da zurfin ruwan rijiyoyi. Wata biyu muka yi kowa na zuwa da jadawalinsa na lambobi, ba mai gane na wani. Malaminmu ne ya ce, "Ku zuba su duka kan taswira ɗaya mu gani." Nan na fara amfani da QGIS, manhajar kwamfuta ta haɗa taswira.

Kyauta ce, ko dala ban biya ba, kuma ana iya juya ta zuwa Faransanci. Na sauko da hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2, su ma kyauta, inda kowane ɗigo ke daidai da mita 10 a ƙasa. Na shimfiɗa wuraren rijiyoyi a kai, sannan iyakokin gonaki. Ranar da muka haska bangon aji, abokiyar aikinmu ta tashi ta nuna da yatsa ta ce hoton damina bai da amfani, a kawo na rani. Ta fi mu gaskiya. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, lokacin da an girbe hatsi fili ya koma fari. Hoton watan Fabrairu sai ya fito da shi ɗigo-ɗigo, ga kuma babu gajimare. Na sha karanta labarin sassabin zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tsirowa a gona ana kula da su, da masanin aikin gona Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a jihar nan tun 1983, amma ban taɓa ganin sawunsa daga sama ba sai ranar.

Na sha kunya sau ɗaya, kuma laifina ne. Na juya lambobin wuri, na sa 13 ta arewa inda 7 ta gabas ya kamata, sai ga rijiyoyinmu gaba ɗaya sun tashi sun sauka kusa da Ngaundere a Kamaru. Tun daga nan ba na fara komai sai na tabbata ina kan yanki na 32 na UTM, tsarin da ke raba taswirar duniya yanki-yanki.

Tsohuwar kwamfutata tana nishi da manyan hotuna, sauko da su kuwa sai tsakar dare, in an yi sa'a wuta ba ta ɗauke ba. Launi ma ya ba mu aiki: na yi ja da kore, ashe mai nazarin ruwa ba ya bambanta su sosai, ya yi shiru kwana biyu kafin ya faɗa. Manhajar tana da wurin da ke nuna maka yadda irinsa ke ganin taswirar, sai na koma shuɗi da rawaya.

Abin da ya fi damuna shi ne taswira mai kyau tana saurin sa mutane yarda. Rijiya goma sha biyu kaɗai muka auna, amma da na shafe tsakaninsu da launi sai ta yi kamar mun auna yankin kaf. Malam ya sa na mayar da ɗigon kowace rijiya a kai, baƙi ƙirin, na kuma rubuta adadinsu a gefe. Taswirar ta rage kyau, ita ce kuma ta shiga kundina.