Darasi kai-tsaye ko darasin da aka ajiye: wanne ya fi dacewa da ma'aikaci?

Malama, kin bayyana cewa ke ma'aikaciyar jinya ce da ke aikin dare da na rana bi-da-bi, kina son yin digiri daga nesa, kuma kina neman sanin wanda ya fi tsakanin tsarin da malami ke koyarwa kai-tsaye ta Zoom a ƙayyadadden lokaci, da tsarin da ake ɗora darussa a shafin jami'a domin ɗalibi ya bi su duk lokacin da ya samu sarari. A ganina na biyun ne ya dace da ke, amma ba don ya fi sauƙi ba.

Darasin kai-tsaye aji ne sosai, allon waya ne kawai ya maye gurbin ɗaki. Ɗalibi zai yi tambaya a ba shi amsa nan take, jadawalin kuma yana tilasta masa ya zauna ko yana so ko ba ya so, wanda hakan babban taimako ne ga mai jan ƙafa. Sai dai tsarin ya ɗauka cewa a daidai wannan sa'ar kina da wuta, kina da sabis mai ƙarfi, kina da data, kuma ba kya bakin aiki. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya kuɓuce, darasin ya wuce ki, sai fa idan malamin ya naɗe shi ya ajiye.

Tsarin darussan da aka ajiye shi ne ginshiƙin Jami'ar Karatu Daga Gida ta Najeriya, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a mulkin Obasanjo, wanda shi kansa daga baya ya yi digirinsa na uku a cikinta. Littattafan kwasa-kwasanta suna nan a intanet, mutum ya sauke sau ɗaya ya karanta ko da babu sabis, kuma datar da littafi guda zai ci ba ta kai ta bidiyon kai-tsaye na awa ɗaya ba. Mai aikin dare za ta iya karatu bayan sallar Asuba ko a ranar hutunta ba tare da neman izinin kowa ba. Akwai kuma abin da ɗalibanta ke yawan alfahari da shi: a 2022, lokacin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, su karatunsu bai tsaya ba.

Inda mutane ke yaudarar kansu shi ne zaton cewa 'yancin zaɓar sa'a yana nufin babu wa'adi. Akwai shi, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. A NOUN jingar da ake yi ta intanet cikin zango tana ɗaukar maki 30, jarrabawar ƙarshe kuma 70, kuma an saba rubuta jarrabawar a cibiyar karatun da ɗalibi ya yi rajista, a ranar da aka sa. Da yake babu malamin da zai lura ba ki buɗe littafi ba tun farkon zango, abu ne mai sauƙi karatu ya taru har sai jadawalin jarrabawa ya fito, a lokacin kuwa sai dai a koma haddar tsofaffin tambayoyi, wadda ke iya kawo maki amma ba ta kawo ilimi. Tambayar da kika rubuta a dandalin kwas ma tana iya kwana biyu ba a amsa ba, shi ya sa ɗalibai ke haɗa ƙungiyoyin WhatsApp su riƙa warware wa juna. Wannan kaɗaicin ne, ba wahalar darasi ba, ke sa da yawa su watsar da karatun a tsakiya.

Ki sani kuma cewa ba a cika samun tsari ɗaya zalla ba. NOUN da Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya duk suna haɗa darussan da aka ajiye da zaman tattaunawa kai-tsaye jefi-jefi, dukkansu kuma suna da digirin jinya ga masu lasisin aiki. Don haka kafin ki biya kuɗin fom, ki tambaya ko halartar zaman kai-tsaye wajibi ne, ko ana naɗarsa, da kuma makonni nawa za ki bar aiki domin jarrabawa da horon asibiti, tunda jinya ba a koyon ta a waya kaɗai. Sannan ki tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma sun amince da kwas ɗin a wannan jami'ar a shekarar da za ki shiga.