Daga Gwanzu zuwa Garwa: yadda na kwashe da kamfanin fito da kaya

Kuloli da filas da tukwane masu murfin gilashi nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, yawanci ga iyayen amare. Shekara da shekaru daga Kano nake saro su, a biyo da su ta Yola, har na gaji da lissafin naira da sefa na ce bari in gwada yin oda daga Sin kai tsaye.

Karon farko taurin kai na yi, na ce ba mai cin kuɗina a tsakani. Na ɗora wa ƙanen maigidana da ke Duwala aikin fito da kayan. Bawan Allah bai taɓa jin BESC ba, takardar bin sawun kaya da CNCC, hukumar masu jigilar kaya ta Kamaru, ke bayarwa, ni kuma lambar haraji ta NIU ma sai a lokacin na fara nemanta. Tashar jiragen ruwa ta Duwala kwana 11 take ba ka kyauta, daga nan kuɗin ajiya ya fara hawa kullum. Kafin kayan su fito ribar ta tafi, har uwar kuɗi ta taɓu. Ashe ma ba kowa ke shigar da bayanan kaya a na'urar duwan, wato kwastan, ba, sai wakilin da ke da lasisi da ake kira tiranziter, don haka ƙarshenta dai tiranziter ɗin da na guje wa shi muka nema, a kan farashin da ya ga dama.

A karo na biyu ne wata maƙwabciyata a kasuwa ta haɗa ni da kamfanin da nake magana a kai. Suna da sito a Gwanzu ta ƙasar Sin da ofis a Duwala. Suna ba ka adireshin sitonsu da wata alama da mai sayarwa zai rubuta a jikin kowane kwali. Kayanka na isa su auna, su turo hoto ta WhatsApp, su cusa su a kwantena ɗaya da na wasu 'yan kasuwa. Kuɗinsu a kan kubik ne, wato girman wurin da kaya suka ci, kuma suka ce a ciki har da komai, da jirgin ruwa da duwan.

Nan ne na fi jin daɗinsu. Wanda bai taɓa tsayawa gaban duwan ba ba zai gane ba. Harajin shigo da kaya na ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki ta tsakiyar Afirka, hawa-hawa ne, a lokacin daga kashi 5 zuwa 10, 20, har 30, kuma kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa su ke shan mai yawa. A kan wannan a ɗora harajin saye da sayarwa na TVA kashi 19.25, ga ƙananan kuɗaɗe da ba ka san sunansu ba sai ka gan su a takarda. Da kamfanin nan tun kaya na Sin na san abin da kowace kula za ta tsaya mini, na yanka farashina hankali kwance.

To amma ba a rasa nono a ruga. Kwana 45 suka ce mini, kayan suka yi kwana 70 da ɗoriya. Kwantena ba ta tashi sai ta cika, wannan ba su faɗa mini ba sai da na matsa. Na kira mai kula da ofishinsu na ce, "Alhaji, bikin 'yar mutane saura mako biyu, na karɓi kuɗinsu." Ya ce, "Hajiya, ki ƙara haƙuri, jirgi na kan ruwa." Kwana goma jirgin nan yana kan ruwa a bakinsa. Dole na nemo kayan amaryar a wurin wata, na sayar ba riba don kada in ji kunya.

Sai maganar "har da komai". Komai ɗin nasu a sitonsu na Duwala ya tsaya. Daga can zuwa Garwa lissafi ne dabam: jirgin ƙasa ya kai Ngaundare, inda layin dogo ya ƙare, sannan a juye a babbar mota ta gangaro dutsen nan mai ban tsoro zuwa Garwa. Da na buɗe kwalaye, ɗaya daga cikin na tukwane ya lotsa ta gefe, murfi tara sun zama gari, ina ɗagawa suna zuba kamar tsakuwa. Na tura hoto, aka ce ai ban biya inshora ba. Gaskiya ne ban biya ba, amma wa ya ce mini akwai ta?

Abu ɗaya da suka yi daidai, kuma shi ya sa ban rabu da su ba: sun haɗo direba da kwafin kitansin duwan, wato rasidin biyan haraji. Kayan haɗaka da sunan kamfani ake fito da su, ba da sunanka ba, kuma jami'an duwan na tare motoci a hanyar arewa. Wata da na sani ta bi mai araha, kayanta suka kwana biyar a shinge don ba takarda. Nawa ko sauke su ba a yi ba.

Yanzu odata ta uku na hanya. Na sa an rubuta mini farashi har ƙofar shago, na biya inshora a kan masu gilashi, na sa mai sayarwa ya ɗaure su da katako, kuma na yi odar tun kafin hutun sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da masana'antu ke rufewa makonni. Ga mai kwali ashirin ko talatin irina, ina ganin sun cancanci kuɗinsu. Kwana 45 ɗin nan dai na bar musu, ni wata uku nake gaya wa iyayen amare.