Hoton Tauraron Ɗan'adam ko Hasashen Kwamfuta: Wanne Ya Fi Nuna Makomar Igiyar Hadari?

Masu bibiyar yanayi sun sha tambayata wanne za su dogara da shi, hoton tauraron ɗan'adam ko hasashen kwamfuta, idan igiyar hadari (wato tarin gizagizan hadari da ke tafiya yamma, wanda kan iya zama guguwar teku) ta baro gaɓar Senegal, alhali mahaukaciyar iska mai sanyi tana juyi a sararin Atlantika, kimanin kilomita 12 daga ƙasa.

Hoton tururin ruwan sama na Meteosat, tauraron ɗan'adam na Turai mai lura da yanayi, yana nuna abin da ke faruwa yanzu: juyin iskar yakan bayyana kamar baƙin tabo mai murɗawa, kuma idan ya matso kusa da igiyar, za a ga kawunan gizagizan sun karkata gefe guda sun rabu da gindinsu, alamar cewa da wuya igiyar ta zama guguwa a lokacin. Sai dai karanta shi yana buƙatar gogaggen ido, domin idan juyin yana can nesa, yakan taimaka wa hadarin fitar da iska ta sama, ya ƙara masa ƙarfi.

Hasashen kwamfuta na Amurka da ake kira GFS kuwa yana fitowa sau 4 a rana, ya hango har kwana 16, kuma ya fi sauƙin karantawa. Matsalarsa, a ganina, ita ce ƙaramin kuskure a matsayin juyin yana iya sauya dukan sakamakon, musamman bayan mako guda. Ta fuskar kuɗi babu bambanci, dukansu kyauta ne a intanet.

Ɗalibin da ke son ƙwarewa mai ɗorewa, hoton ya fi dacewa da shi. Mai tsara tafiyar jirgin ruwa ta kwanaki kuwa, hasashen ne zai biya masa buƙata.